Har Sai Karas Ya Yi Luguf

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya bar mini ɗana bayan na ji matan gidanmu sun fara magana ƙasa-ƙasa a kan farin ƙyalle.

Shekaranjiya na je gaisuwar mutuwa gidan maƙwabtanmu. 'Yar Maryama ce ta rasu, 'yar fari, ko yaye ba a yi mata ba. Na tarar da Maryama a lungun rumfa, fuska a bushe, tana amsa gaisuwa kamar 'yar wani ce ta mutu, domin a wurinmu ba a kukan ɗan fari a gaban mutane. A tsakar gida kuwa ana ta soya gahawa saboda baƙi. Da ƙamshin ya buge ni sai na fita ban yi wa kowa sallama ba. Ciwon da ya ɗauke yarinyar nan shi ne ya kwantar da ɗana watannin baya, kuma da bakin ɗana aka kafa hujja aka yi mata abin da aka yi mata. Don haka zan faɗi yadda abin ya kasance, ko wata mai ɗan fari za ta karanta, ko a karanta mata.

Ƙauyenmu yana bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga, tafiyar lori ce daga Hasahisa. Ni ba nan na girma ba. Kawuna ya riƙe ni a Madani, na yi makaranta har sakandare, aure ne ya kawo ni. Maigidana yana aikin ruwa a Makwar, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Gida yana hannun mahaifiyarsa, Hajja, ita ce kuma ke riƙe da gonar da marigayi mijinta ya bari.

Da na haihu aka sa wa yaron sunan marigayin. Ke nan bakina ya sami kwaɗo biyu: ɗan fari ne, kuma sunan surukina ne. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa in da mutane, ba na yi masa wasa. In zai sha nono Hajja ce ke miƙo mini shi, in shiga ɗaki, in ya gama in mayar mata kamar aron tukunya. Ita tana kiransa Angona, ni ina cewa yaron nan. Ban ga aibin hakan ba a da, haka aka yi wa uwata, haka aka yi wa tata. Kuma in faɗi gaskiya, Hajja tana son yaron nan so na haƙiƙa. A bayanta ya koyi dariya.

Ciwon ya fara a ƙarshen ɗiban auduga, lokacin da zafi ya kankama, ruwan tur'a ya ja baya ya yi kore, shi kuma muke sha. Zawo ne. Hajja ta sa yatsa ta shafa dasashinsa ta ce, "Zawon haƙori ne. Angona shina son fara cin nama, ya gaji da abincin mata." Aka yi dariya, ni ma na yi murmushi na ci gaba da daka.

Kafin mako ya zagayo abin ya koma ruwa zalla. Ni ce na fi kowa sani, don ni ke wanke tsummokaransa. Wanki ne kaɗai abin da aka yarda uwa ta yi wa ɗan fari ba a ce ta yi rashin kunya ba. Ina wanki ina ganin yadda igiyar shanya take cika, ba ni da bakin magana.

Sai shawarwari suka fara zuwa. Gwaggo Kulu, ƙanwar marigayin, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ta ce nonona ne rana ta dafa a gonar auduga, a rage ba shi. Wata ta ce a hana shi ruwa, ai abin da ya shiga shi ke fitowa. Hajja ta ɗauki duka biyun. Liman ya aiko da rubutu, Allah Ya saka masa, shi kaɗai ne ruwan da aka yarda yaron ya sha a kwanakin nan. Da maɗigarsa ta lotsa aka kwaɓa lalle aka liƙa masa a ka. Idanunsa suka faɗa. Yana kuka, amma ba hawaye. Ina leƙensa ta gefen ido ina tankaɗe, nono yana zubo mini a riga.

Ba zan iya cewa Hajja mu tafi asibiti ba. Sai na zaga ta baya na durƙusa wa Gwaggo Kulu, na roƙe ta ta faɗa kamar daga bakinta maganar ta fito.

"'Yar Madani, kin fara ke nan," in ji ta. "Mu da munka haifi goma-goma ba mu san zawo ba, sai ke da guda." Amma ta je ta faɗa. Wannan ba zan manta mata ba.

A mako na biyu muka hau lori mu uku, yaron yana cinyar Hajja. Mun isa asibiti da hantsi, layi ya riga ya fita har gindin bishiyoyi, rabinsa mata ne da yara irin namu, kawuna a langaɓe. Muka tsaya har inuwa ta gudu ta bar mu. Gwaggo Kulu ta tafi neman ruwan sha, daidai lokacin kuma layi ya kawo kanmu.

"Ismu minu?" in ji mai rubuta suna, bai ko ɗago kai ba. Sunansa yake tambaya.

Na dubi Hajja. Hajja ta dubi bango. Ita ba za ta kama sunan mijinta ba ko da yana kabari, ni kuma ga ta tsaye a gefena. Wadda za ta iya faɗa a cikinmu tana can tana neman randa.

"Yaron ba shi da suna ne?"

"Angona ne," in ji Hajja.

Na bayanmu suka tuntsire da dariya. Mutumin ya ce mu koma gefe har mu tuna sunan ɗanmu, ya kira na gaba. Muna tsaye ana wuce mu, ana wuce mu, kan yaron yana lilo a kafaɗar Hajja. Daga ƙarshe na matsa na roƙi aron alƙalaminsa, na rubuta sunan a tafin hannuna, na buɗe masa ya gani.

"Mi kika zana?" in ji Hajja.

"Abin da ya tambaya, Hajja."

"To ki sani hannu ma shina da kunya."

Likitan saurayi ne, idanunsa jajir don gajiya. Ya kama fatar cikin yaron da yatsa biyu ya ja ya saki, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Ya tambaya wace ce uwar, Hajja ta ce ita ce. Ya dube ta, ya dubi jiƙaƙƙen gaban rigata, bai yi musu ba. Fuskarsa tana wajen Hajja, amma a hankali yake magana yana satar kallona, na gane da ni yake. Kalma ɗaya ta maƙale mini har yau: jafaf. Bushewa. Ya ce ba zawon ne ke kashe yara ba, bushewar ce. Aka sa masa ruwa ta allura har la'asar, yaron ya ɗan buɗe ido. Gado babu, yara bibbiyu ne a kowane gado, dole mu koma gida.

Kafin mu fita ya ce a ci gaba da ba shi nono, a tafasa duk ruwan da zai sha, sannan a nemi jazar, wato karas. A kankare, a yanka, a zuba ruwa ya sha kansa, a dafa. Ba dahuwar miya ba. A bar shi a wuta har sai an matsa shi tsakanin yatsa biyu ya narke ba tare da an ji wani ƙulli ba. A murje shi a rariya, a mayar da ruwan dahuwar, a sa ɗan gishiri abin da yatsa biyu suka tsinta, a riƙa ba shi cokali-cokali duk yini. Ya maimaita, ya ɗaga yatsunsa biyu yana murzawa a gaban idon Hajja. Ya ce in bai yi luguf ba, cikin yaron ba zai riƙe shi ba.

A lori Gwaggo Kulu ta ce, "Yau na ga abin mamaki. Mun sha rana, mun sha ƙura, don a ce mu ba yaro abincin jaki."

Muka tsaya kasuwar Hasahisa. Lokacin karas ya kusa wucewa, na sanyi ne shi, abin da ya rage a kasuwa tsofaffi ne masu kauri, zuciyarsu kamar itace. Su muka samu, su muka saya.

Wanda bai zauna a wannan yanki namu na Jazira ba ba zai gane wahalar wuta a nan ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba daji. Itacen auduga yana nan tuli a gonaki, amma doka ta hana a kai shi gida, a can ake tara shi a ƙone saboda cutar auduga, mufattish, jami'in duba gonaki, yana zagayawa yana leƙa gidaje. Karan dawa kuwa wuf yake yi ya mutu, ya isa a gasa kisra, siririyar wainar dawa da muke ci, bai isa a dafa abu mai tauri ba. Abin da zai iya riƙe tukunya tsawon lokaci gawayi ne. Gawayin gidanmu na Hajja ne, a ƙarƙashin gadonta yake, murhun gawayin kuma guda ɗaya ne, wanda muke kira kanun. A kansa ake yin gahawa.

Hajja ba ta hana ni ba. Ta ɗebo gawayi da hannunta ta ba ni. Na hura, na aza tukunya. Ruwa ya fara tafasa ke nan sai aka yi sallama. Labari ya bazu cewa an kai jikan Hajja asibiti, mata sun fara zuwa dubiya.

"Ya jikin angon naki, Hajja?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Allah Shi ƙara sauƙi. Kai, ya rame."

"Amarya," in ji Hajja, "sauke wagga tukunya ki aza muna bunni." Ƙwayar gahawa muke kira bunni.

A garinmu ba a barin mai dubiya ya tashi bai sha gahawa ba, abin kunya ne babba, a yi ta faɗi da gidan. Kuma ba a dafa ta a ajiye. Kowane baƙo sai an soya ƙwayar a gabansa, a zagaya da hayaƙin ya shaƙa, a daka da citta, a dafa a jabana, ɗan tulun gahawa, a zuba, a sake zubawa. Na sauke tukunya. Na soya, na daka, na dafa, na zuba. Suka tafi, na mayar da tukunya ta riga ta huce. Ta fara motsi, aka sake sallama. Haka muka yini. Karas ya yi zafi ya huce, ya yi zafi ya huce, duk mai ƙaunarmu da ta shigo sai ta ci wutar ɗana ta yi masa addu'a ta fita. Zuwa yamma gawayin da aka ɗebo ya zama toka.

Hajja ta tsoma cokali ta danna wani yanki a jikin tukunya. Gefensa ya fashe, tsakiyar ta zille.

"Ya nuna," in ji ta.

"Hajja, likita ya ce sai..."

"Wanga abu da yara ka ci ɗanye da lemun tsami? Ya yi laushi har ya wuce."

Aka dandaƙa shi da bayan ludayi, gudaji-gudaji, Hajja ta ɗura masa. Washegari haka aka sake yi, baƙin ma sun fi na jiya. Da na je wanki na ga karas ɗin a tsumma, jajaye, yadda ya shiga haka ya fito. Ban kai ga ɓoyewa ba Gwaggo Kulu ta gani. Ta ɗauki tsumman da tsinke ta kai tsakar gida.

"Ga maganin likitanku nan, ko gaisawa da cikin bai tsaya yi ba."

Daga nan aka rufe maganar karas. Aka koma maganar haifat. Wannan abu wurin Larabawan maƙwabta mutanenmu suka koya: wai akwai wasu miyagun haƙora da ke kwance cikin dasashin yaro kamar tsutsa, su ke jawo zawo, sai an tono su. Wanzamin garinmu ya iya. Na ji ana zancen a rumfa, da na matso sai a sauya magana.

Ranar da abin ya faru, Hajja ta ce randa ta yi ƙasa, in je tur'a. Na ɗauki tulu na tafi. Ina dawowa, tun daga bakin hanya na jiyo wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin ɗan Adam ba, siririya, a shaƙe. Na saki tulun. Da na shiga, wanzami yana goge askarsa, Gwaggo Kulu ta danne ƙafafun yaron, Hajja ta riƙe kansa tana kuka ita ma, tana cewa, "Yi haƙuri Angona, an gama, an gama." A kan wani ƙyalle ga wasu abubuwa biyu farare masu laushi, kamar jiƙaƙƙiyar shinkafa.

"Kin gan su," in ji wanzamin, yana nuna mini da alfahari. "Da an ƙara kwana biyu da sun cinye shi."

Haƙoran ɗana ne da ba su kai ga fitowa ba. Na san haka, an koya mana a makaranta. Na tsaya da sanina a tsakar gida, ƙafafuna jiƙe da ruwan tulu, aka ce in kawo wa wanzami ruwan wanke hannu.

Daga ranar ya daina kama nono. In na sa masa sai ya buɗe baki ya saki, jini-jini a leɓensa. Ɗan abin da ke riƙe da shi ke nan, shi ma an yanke. Zawon bai tsaya ba. Kukan ne ya tsaya.

Washegari da hantsi gidan ya cika fiye da kullum, domin magana ta fita cewa jikan Hajja ba zai kai ba. Yana kwance a cinyarta, ido rabi a buɗe, ƙuda yana sauka a bakinsa ba ya ko motsi. A bayan rumfa na ji wata tana tambayar ko akwai farin ƙyalle a gidan ko a aika. Ban san lokacin da na shiga ɗakin Hajja na jawo kwandon gawayi ba tare da na tambaya ba. Sauran karas ɗin yana cikin rairayi mai sanyi a gindin randa inda na binne shi. Na kankare, na tsaga kowanne biyu na cire zuciyar nan mai tauri, na yanka ƙanana, na aza.

Ya ɗauki tafasa sosai sai matar liman ta yi sallama da wasu dattijai mata.

"Amarya, sauke ki aza bunni."

"Hajja, bai nuna ba."

"In an gama ki mai da."

"Ba zan sauke ba."

Ni kaina ban gane muryar ba.

"Ke!" in ji Gwaggo Kulu. "Da wa kike? Aljanu sunka shige ki?" Ta naɗe hannu da gefen zanenta ta taso za ta ɗauke tukunyar. Na riga ta, na dafa murfin da tafin hannuna. Na ji fatar tana cin wuta, ban ɗaga ba.

"Wannan tukunyar Idrisu ce," na ce. "Idrisu ɗana ne, ni na haife shi. Mutuwa yake yi kuna shan gahawa da wutarsa."

Wata ta ja salati. Matar liman ta rufe baki da mayafi ta ce, "Abin da makaranta ka yi ke nan. Ɗan fari, kuma sunan surukinta, a gaban matarsa!"

Na tashi na je gaban Hajja na sa hannu na ɗauke shi daga cinyarta. Ba ta riƙe ba. Hannuwanta suka zube a cinya kamar ba nata ba, fuskarta kuwa kamar na tono mata kabari. Na koma bakin kanun na zauna da shi a ƙirjina, a gaban kowa, karo na farko tun da na haife shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na kira shi a kunne, Idrisu, Idrisu. Bai waiwayo ba. Ba ciwo kaɗai ba ne. Bai san sunansa ba ne, ba wanda ya taɓa kiransa da shi a gidan.

Baƙin suka zame ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta sha gahawa. An ce ba a taɓa yin haka a gidan Hajja ba tun da aka kafa shi.

Karas ba ya sauri don uwa tana tsoro. Na ciro yanki na matsa, gefen ya narke, ciki da saura. Na ƙara ruwa, na fifita wuta da hannu ɗaya. Gawayin ya kusa ƙarewa tukunyar ba ta kai ba. Na kwantar da yaron a kan zanena, na ɗauko gatari na faskara kujerata 'yar tsuguno, ta itacen bagaruwa, wadda mahaifiyata ta sa mini a kayan aure. Na jera duwatsu uku na mayar da tukunyar kan garwashinta. Hajja tana zaune a rumfa tana kallona. Aka kira azahar, aka idar. Na sake cirowa na matsa. A wannan karon ban ji komai tsakanin yatsuna ba, sai laushi kamar man shanu.

Na murje a rariya, na mayar da ruwan, na sa gishirin, na hura ya huce. Na sa bakin cokali ta gefen kumatunsa, nesa da inda aka yanka. Na farko ya dawo ta gefen baki. Na biyu ma. A na uku na ga maƙogwaronsa ya motsa.

Haka na zauna da shi kwana da kwanaki, cokalin karas, cokalin tafasasshen ruwa, cokalin nonon da na tatsa. Ba abin da na sani a duniya sai bakin cokali da wannan ɗan maƙogwaro. Hannuna ya tashi ya duri ruwa, na naɗe shi da tsumma na ci gaba.

Washegarin ranar da na yi abin da na yi, na buɗe ƙofa na tarar da kwano cike da sabon gawayi da kanun a bakin ɗakina. Hajja ta ajiye. Duk makon nan ba ta sha gahawa ba, ita da ciwon kai ke kama ta in ta rasa. Da karas ya ƙare, Gwaggo Kulu ce ta hau lori ita kaɗai ta tafi Hasahisa, ta bi kasuwa rumfa-rumfa, ta dawo da wasu yanƙwanannu a bakin zane. Ta watsa mini su a gaba ta ce, "Ungo, marar kunya. Ki dafa har shi koma ruwa, kar ki ce mu munka hana." Allah Ya saka musu su biyun. Ina faɗin wannan da zuciya ɗaya, ina kuma faɗin cewa su ne suka danne shi aka yanka. Ban san yadda zan raba abubuwan nan biyu ba, na daina ƙoƙari.

A mako na huɗu tsummokaran suka fara raguwa a igiya. Maɗigar ta taso. Wata safiya ina goge masa baki ya fashe da kuka, sai ga hawaye, manya-manya, suna gangarowa. Ban taɓa zaton zan yi sujada don na ga hawayen ɗana ba. Bayan kwana kaɗan ya kama nono.

Da na mayar da shi asibiti, ni na goya shi, ni na faɗi sunan. Likitan ya ja fatar cikin ta koma nan take, ya yi murmushi. Sannan ya buɗe bakin yaron, murmushin ya ɗauke. Ya tambaya wa ya yi wannan. Ya ce waɗannan haƙoran ba za su fito ba, na bayansu ma sai abin da Allah Ya yi.

Maigidana ya zo ƙarshen wata, an riga an tare shi da labari tun a tashar lori. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai dubi gadon da yaron yake ba, shi ma ɗan farinsa ne. Ya ce in je in durƙusa wa Hajja. Na je na durƙusa. Ta ce Allah Shi yafe muna baki ɗaya, ba ta dube ni ba. Da zai koma Makwar, ya saɓa jakarsa, sai ya tsaya yana gyara takalmi ya ce a hankali, "To, ya jikin?" Bai ce jikin wa ba.

Har yau Hajja ba ta sake ce mini Amarya ba. In tana son abu sai ta fuskanci katanga ta ce, "A faɗa wa mai ɗa randa ta yi ƙasa." A bakin tur'a in na iso mata sukan yi shiru, wata ta yi tari, wata ta ce ga mai kiran suna nan. Wannan duk zan iya ɗauka.

Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, gari duka ya yarda wanzami ne ya warkar da shi. Ai an cire, ai ga shi ya tashi. Duk wadda ta shigo, Hajja sai ta buɗe mata bakin yaron ta nuna tabon. Da 'yar Maryama ta fara zawo, surukar Maryama ta zo har gidanmu ta leƙa bakin ɗana, ta gyaɗa kai ta tafi. Na tare Maryama a tur'a. Karas ya riga ya ƙare a kasuwa, amma na ce mata ta tafasa ruwa da ɗan gishiri, kada ta yarda a rage nono, ta ɗauki 'yarta ta hau lori ko da ita kaɗai ce, kada ta bari a aike ta ko'ina in ta ga wanzami ya gifta. Ta sunkuyar da kai tana cika tulu ta ce, "Ni mi zan ce? Tana hannun Inna." Surukarta take nufi. Shekaranjiya aka binne yarinyar.

To ke mai ɗan fari, ga abin da na sani, da fatar hannuna na saye shi. Zawo ba haƙori ba ne. In kuka ya zo ba hawaye, in maɗiga ta lotsa, ba lalle take nema ba, ruwa take nema, kuma asibiti a ranar, ba sai an gama shawara ba. In an ce ki dafa karas, ki cire zuciyar in tsoho ne, ki yanka ƙanana, ki tanadi wutar da za ta kai shi kafin ki aza. In kin aza kada ki sauke, ko wace ce ta yi sallama. Yatsunki ne za su gaya miki ya nuna, ba bakin kowa ba. Za a ce ba ki da kunya. Za a daɗe ana faɗa. Ni ana nan ana faɗa mini, ina kuma jin su da ɗana a bayana.

Har yanzu in ya yi barci nakan shafa tsakiyar kansa in ji ko ta lotsa, zafi kuma zai sake dawowa, ruwan tur'a zai sake yin kore. Ɗazu yana rarrafe ya nufi bakin kanun, Hajja tana rumfa da baƙuwa. Na ɗaga murya na ce, "Idrisu!" Baƙuwar ta ajiye kofinta. Shi kuwa ya tsaya, ya waiwayo, ya wage baki yana yi mini dariya, baƙaƙen tabo biyu a dasashinsa na ƙasa.